Kiɗan punk: masu shi sun rasu, masu kwaikwayo na cika ɗakunan wasa

A ranar 6 ga watan Ogusta 1996 ne ƙungiyar Ramones ta Amurka ta yi wasanta na ƙarshe a birnin Los Angeles, bayan wasanni 2263 cikin shekaru 22. Duka mutum huɗun da suka kafa ta sun rasu, na ƙarshensu, Tommy, a 2014. Duk da haka har gobe ana sayen tikiti a Turai domin jin waƙoƙinsu kai tsaye.

Ƙungiyoyin kwaikwayo ne ke wannan aiki. Sukan sa baƙar rigar fata da yagaggen wandon jins, su jero gajerun waƙoƙin nan masu sauri ba hutawa, tamkar yadda masu su ke yi. A Ingila akwai The Ramonas, mata zalla, akwai kuma Sex Pistols Experience.

Abin da ɗaure kai. Punk ya taso ne a tsakiyar shekarun 1970 yana zuga matashi ya ɗauki jita ya tsara tasa waƙa, ko da bai ƙware ba. Yau ga shi ana haddace shi kamar karatu.

Lissafin mai ɗakin wasa kuwa a fili yake: sanannen suna na jawo ƴan kallo, galibi dattawan da ke begen ƙuruciyarsu. Marubutan waƙoƙin ko magadansu na karɓar haƙƙinsu ta hannun hukumomi irin su SACEM a Faransa. Masu asara su ne matasan da ke da sabbin waƙoƙi, domin sau da yawa daren Asabar, ranar ciniki, ba nasu ba ne.