Tarbiyya Tsakanin Aji da Kasuwa: Nazari kan Ilimin Zama Ɗan Ƙasa ga Matasan Wudil

Tun daga shekarar 2007, lokacin da hukumar tsara manhajar karatu ta Nijeriya, NERDC, ta shigar da darasin zama ɗan ƙasa cikin manhajar ilimin bai-ɗaya na shekara tara, aikin gyaran halin yaro ya ci gaba da ƙaura daga hannun gida da unguwa zuwa hannun makaranta da hukuma. Abin da ake nufi da ilimin zama ɗan ƙasa shi ne sanar da yaro haƙƙin da yake da shi a kan hukuma da haƙƙin da jama'a suke da shi a kansa, tare da yadda ake zaɓen shugabanni da yadda ake tuhumarsu idan sun kauce. Tarbiyya kuwa ta girmi wannan darasi nesa ba kusa ba, domin ita ce horon da ke sa mutum ya riƙe amana ko da babu mai ganinsa. Manufar gwamnati ita ce ta haɗa biyun a darasi guda, kuma daga 2014 hukumar WAEC ta fara yi wa ɗaliban sakandare jarrabawa a kansa. Tambayar da ta rage ita ce ko wannan sauyi ya isa ga ɗan talaka.

Wudil wuri ne da ya dace a auna wannan batu. Garin yana bakin kogi, kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri, kuma ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum 185,189. A nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano take, wadda aka buɗe a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022. A nan kuma Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda take tun 1996. Duk da haka, rayuwar matasa da yawa ba ta rataya a kan waɗannan cibiyoyi ba, ta rataya ne a kan kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da tasha, da ɗibar yashi a kogi, da noman rani, da haya da babur.

Kafin zuwan manhaja, al'ummar Hausawa tana da tsarinta na renon hali, kuma tsarin bai dogara da mutum ɗaya ba. Uwa da uba suna farawa, malamin allo ya ɗora, maƙwabci ya tsawatar ba tare da neman izinin kowa ba, sannan ubangidan sana'a ya ƙarasa, domin yaron da aka miƙa wa dillali a kara ko mahauci ko maƙeri ba sana'a kaɗai yake koya ba, yana ganin yadda ake cinikin dukiya mai yawa da baki kawai, da yadda mutumin da ya ci amana sau ɗaya yake rasa lamuni a kasuwa gaba ɗaya. A littafinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin da wannan tsari yake nema, daga cikinsu akwai gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, ladabi, mutunci da adalci. Sai dai bai kamata a yi wa tsarin ado fiye da kima ba. Ya ƙware wajen koyar da biyayya, amma ya yi rauni wajen koya wa talaka cewa yana da ikon tambayar mai mulki, kuma wannan giɓi ne jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi ta ƙoƙarin cikewa a dandalin lacca da kasuwannin ƙauye.

Dalilin farko da ya raunana tsohon tsarin shi ne talauci, kuma shi ne mafi nauyi. Uban da ke fita tun asuba ba ya dawowa sai bayan isha'i ba shi da lokacin bibiyar ɗansa, kuma yaron da ke ciyar da kansa tun yana ɗan shekara 12 ba ya jin tsawatarwar wanda ba ya ba shi abinci. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da tsadar abincin da ta biyo baya sun ƙara tura yara neman na kansu da wuri. Ga kuma yawan jama'a da shigowar baƙi, waɗanda suka sa maƙwabci ya daina sanin ɗan wa yake gani, balle ya tsawatar masa. Sai shaye-shaye: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma a watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin.

Martanin hukuma, kusan kowane lokaci, gangami ne. An yi Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, aka kafa hukumar MAMSER a 1987, aka maye gurbinta da hukumar wayar da kan jama'a ta NOA a 1993. A Kano, gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya fara aikin koyarwa a Kwalejin Fasaha ta Wudil a 1978, ya kafa hukumar Hisba bisa doka a 2003, sannan ya ƙaddamar da shirin A Daidaita Sahu a 2004. Shirin ya fi na gabaninsa fahimtar jama'arsa, domin ya yi magana da Hausa, ya jingina da addini, ya kuma bi ta rediyo da masallatai da masu unguwanni. Amma da yake ya rataya a wuyan gwamnati guda, bai daɗe da ƙarfinsa ba bayan 2011.

Ba adalci ba ne a ce darasin makaranta bai haifar da komai ba. Ɗalibin da ya gama sakandare a yau ya fi na shekarun baya sanin cewa akwai kundin tsarin mulki na 1999, cewa beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, cewa kansila da shugaban ƙaramar hukuma ma'aikatansa ne ba iyayen gidansa ba. Dokar 2018 da ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25 ta sami matasan da suka fahimce ta. 'Yan mata ma, waɗanda tsohon tsarin bai cika sa su cikin maganar mulki ba, sun samu ƙofa ta hanyar aji.

Amma amfanin ya tsaya ne a inda aji ya tsaya. Almajiri, da yarinya mai talla, da yaron mota, da mai ɗibar yashi ba sa cikin ajin, alhali su ne suka fi haɗuwa da ɗan sanda da mai karɓar haraji da ɗan siyasa mai neman 'yan jagaliya, wato matasan da ake ɗauka haya lokacin zaɓe don tsoratar da abokan hamayya. Gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, wanda shi kansa shaida ne cewa shelar farko ba ta wadatar ba. Waɗanda ke cikin ajin ma da Ingilishi ake karantar da su, harshen da da yawansu ba sa iya yin muhawara da shi, sai darasin ya koma hadda: yaro ya rubuta ma'anar gaskiya a takardar jarrabawa da amsar da aka sato masa. Mafi muni shi ne saɓanin da ke tsakanin abin da aka faɗa masa da abin da idonsa ke gani, domin wanda aka koya wa cewa ƙuri'a amana ce, sannan ya ga ana rabon taliya da sabulu a layin zaɓe, darasi na biyu zai ɗauka.

Abin da ya faru a Kano ranar 1 ga Agustan 2024 ya nuna sakamakon. Zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda haƙƙi ce da tsarin mulki ya amince da ita, ta rikiɗe ta zama wawason kayan gwamnati da na 'yan kasuwa, kuma a watan Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a kotun Abuja, wasunsu suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu. Yaran ba su san iyakar haƙƙinsu ba, hukumar da ta tsare su watanni uku ita ma ba ta nuna ta san iyakar nata ikon ba. Ɗora wa yaran laifin su kaɗai, barin jaki ne a daki taiki.

Saboda haka gyaran da ya dace da gari irin Wudil ba ƙarin darasi a manhaja ba ne. Ya kamata a mayar da wanda ake da shi zuwa Hausa, a kai shi makarantun Islamiyya da tsangayu ta hannun malamansu, a kuma shigar da shugabannin kara da na tasha da iyayen gidan sana'a, tunda su ne suke tare da yaran daga safe zuwa dare. Jami'ar da makarantar 'yan sandan suna da ɗalibai da malaman da za su iya ɗaukar wannan aiki a unguwannin da ke kewaye da su ba tare da jiran kasafin Abuja ba. Nauyin kiran waɗannan ɓangarori su zauna wuri ɗaya yana kan majalisar ƙaramar hukumar Wudil da hakimin garin.