Ruwa a Cikin Bututun Mai: Aikin da Za a Iya Yi a Samaru

Duk makaniken da ke Dogarawa ya san abin yi idan mota ta fara shaƙewa bayan an sha mai: ya zuƙo fetur a gorar roba, ya ɗaga ta. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa, man ya hau sama, don ruwa ya fi mai nauyi.

A cikin bututu abin ba ya zuwa da sauƙi haka. Ɗanyen mai na fitowa daga rijiya ne haɗe da ruwan gishiri. Bututun da aka shimfiɗa daga Escravos zuwa matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ya haura kilomita 600. In man na tafiya a hankali, sai ruwan ya taru duk inda bututun ya gangara kwari, ya yi ta cin ƙarfen har ya huda shi. In kuma gudu yake, sai ruwan ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo, ya cakuɗe da man kamar an dama fura da nono, rabuwa ta yi wuya.

Ba mai ganin cikin bututun da ke binne a ƙasa. Shi ya sa injiniyoyi ke zana shi a kwamfuta, su yanyanka shi gida-gida har miliyoyi, kwamfutar ta lissafa gudu da matsi a kowane gida. Tushen lissafin ya daɗe. Tun 1851 George Stokes ya nuna cewa in faɗin ɗigo ya ninka, saurin nutsewarsa zai ninka sau huɗu. Dabarar ke nan: a sa ɗigon su haɗe su girma. Injiniya sai ya faɗaɗa bututun a allo, ya karkata shi, ya matsar da mafitar ruwa, ya ga sakamako tun ba a yanka ƙarfe ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗaliban injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba, ga kuma cibiyar bincike ta NARICT a Basawa. Manhajar OpenFOAM da ake irin wannan lissafi da ita kyauta ce. Sai dai lissafi ɗaya kan ci kwanaki, don haka sai da tsayayyiyar wuta. Kuma kwamfuta abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Ba ta san kaurin man filin Kolmani ba, inda aka ƙaddamar da haƙa a 2022. Ya kamata NNPC ta ba jami'o'inmu samfurin man da awon rijiyoyin, a gwada lissafin da zahiri kafin a binne wani bututun.