Kafin Mu Sāke Wa Jariri Madara

A gidan da ake goyo akwai lokacin da mai jego ta fi tsoro, wato da yamma in rana ta kusa fāɗuwa. Jaririn da ya yini lafiya sai ya fara tsala kuka, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya dunƙule hannu, cikinsa ya yi tauri. A goya shi, a sauke, a jijjiga, duk a banza. In kuwa madarar gwangwani yake sha, to, an sami mai laifi ke nan. Kaka za ta ce, "'Yar nan, madarar nan ba ta karɓe shi ba." Maƙwabciya ta ce tata ta fi. Da gari ya waye maigida ya nufi kemis, ya dawo da sabon gwangwani, na dā kuwa ko rabi ba a sha ba.

Mun sha ganin gidan da aka sāke madara sau uku cikin wata guda, kukan kuwa yana nan. Kuɗin da ya kamata ya kai ƙarshen wata ya ƙare, aka koma ƙara ruwa domin garin ya yi auki. Saboda haka muka ga ya dace mu tsaya a kan wannan magana, gama yawancin lokaci laifin ba na gwangwani ba ne.

Mun sani nonon uwa ba shi da na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a ba jariri nono zalla har wata 6. Amma a cikinmu akwai marayun da kaka ko gwaggo take reno, akwai uwar 'yan biyu, akwai wadda ciwo ya kwantar, akwai malamar makaranta da nas da hutun haihuwarsu ya ƙare. Da su muke magana yau, ba kuwa da zargi ba.

Kukan da yake da lokacinsa

Kowane jariri yana kuka, kukan kuma yana da tsarin da likitocin yara suka daɗe da lura da shi. Yakan fara yawa wajen mako na 2, ya kai matuƙa wajen mako na 6, sa'an nan ya riƙa raguwa, har ya lafa tsakanin wata 3 zuwa 4. A shekarar 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya kafa ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi: jariri mai ƙoshin lafiya da yake kuka fiye da awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3, shi ne ake cewa yana da murɗawar ciki ta jarirai. Wannan kuka yana samun mai shan nono, yana samun mai shan madara.

Ga inda ruɗun yake. Uwa ta sāke madara a mako na 6, ta sāke a na 8, ta kuma sāke a na 11. Da kukan ya lafa don kansa, sai ta ce gwangwani na uku ne ya yi magani, ta kuma shaida wa sauran mata haka. Alhali kuwa yaron ne ya girma.

Iskar ciki ma sau da yawa kukan ne yake kawo ta, domin mai kuka yana haɗiyar iska. Yunƙuri da jan fuska kafin bayan gida, da tumbuɗi kaɗan bayan an sha, duk abin jarirai ne, muddin katin awo yana nuna nauyi yana hawa.

Akwai kuma abin da mai kanti ba zai faɗa mana ba. Madarar jarirai mai lamba 1 tana da ƙa'idar haɗi ta duniya da kowane kamfani yake bi, saboda haka bambancin wannan suna da wancan kaɗan ne, ko da farashin ya sha bamban. A 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallar madarar jarirai ga iyaye, Nijeriya kuma ta yi tata doka a 1990. Dalili kuwa shi ne, mai sayarwa ba shi ne zai zaɓa wa jariri abinci ba.

Mu fara duba hannunmu

Kafin a taɓa gwangwani, bari mu duba yadda ake haɗawa da yadda ake bayarwa.

Na fari, awo. Ruwa ake fara zubawa, sa'an nan gari. A yi aiki da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a share bakinsa daidai, kada a danna, kada a yi tozo. Yawancin na kasuwanninmu cokali 1 ne ga mililita 30 na ruwa, amma a karanta jikin gwangwani, gama ba duka suke ɗaya ba. In gari ya yi yawa, bayan gida zai yi tauri, ƙodar yaro kuma ta wahala. In ruwa ya yi yawa, ciki zai cika amma yunwa tana nan, yaro ya yi ta kuka yana ramewa.

Na biyu, ruwa. Garin madara, ko a rufe yake, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. A tafasa ruwa sosai, a bar shi bai wuce minti 30 ba, domin zafinsa kada ya sauka ƙasa da digiri 70, a haɗa da shi. Bayan haka a tsoma fidar cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji ta huce. Abin da ya ragu bayan awa 2 a zubar. A zafin Maris da Afrilu, madarar da aka ajiye tun safe ita kanta takan zama sanadin ciwon ciki da zawo. Fida da bakinta a wanke da sabulu, a tafasa. Inda ruwa ko makamashi yake wuya, ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin tsabta, nas kuma za ta nuna yadda ake ba jariri da shi.

Na uku, bayarwa. A riƙe yaro kansa a sama, a karkata fida yadda bakinta zai cika da madara. Kada a faɗaɗa ramin da allura, domin madara za ta kwararo ya riƙa haɗiya da iska. Kada a tokare fida da matashi a tafi aiki. A tsaya a tsakiya a ɗora shi a kafaɗa, a shafa bayansa har ya yi gyatsa, a kuma yi haka a ƙarshe.

Na huɗu, yawa. Ba kowane kuka ne yunwa ba. Bayan makon fari, jariri yana bukatar kimanin mililita 150 ga kowane kilo na nauyinsa a yini da kwana. Mai kilo 4 ke nan zai sha wajen mililita 600, a raba sau 6 zuwa 8. In ya kau da kai, a ƙyale shi.

Sa'ad da sākewa ta wajaba

Akwai jariran da jikinsu da gaske ba ya karɓar furotin na nonon saniya, wanda da shi ake yin yawancin madarar gwangwani. Ba su da yawa, kimanin 2 ko 3 ne cikin 100. Alamarsu ba kuka kaɗai ba ce. Akan ga jini ko majina a bayan gida, amai mai yawa, zawon da ya ƙi tsayawa, ƙuraje masu ƙaiƙayi ko borin jini, nauyi kuma ya tsaya. Irin wannan yaro, sāke suna ba zai taimake shi ba, gama duk daga saniya suke. Madarar akuya ma furotin nata ya yi kama da na saniya, ta waken soya kuma ba a so a fara ta kafin wata 6 sai da izinin likita. Akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin nata, likita ne yake rubuta ta, akan kuma ba ta mako 2 zuwa 4 kafin a yanke hukunci.

Game da gwangwanin da aka rubuta ba shi da laktos, wato sukarin da yake cikin nono, mu sani nonon uwa ya fi na saniya yawan laktos. Da wuya ƙwarai a haifi yaron da ba ya iya narkar da shi. Abin da aka fi gani shi ne bayan zawo mai tsanani hanji ya kāsa na ɗan lokaci, ya kuma warke.

In ma'aikacin lafiya ya ce a sāke, a sāke abu ɗaya, a ba shi mako 1 zuwa 2, gama launi da taurin bayan gida sukan canza a kwanakin fari. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai lamba 2 ba ta jaririn da bai kai wata 6 ba ce. Madarar shayi, ta gari ko ta ruwa, da nonon shanu da koko, ba su maye gurbin madarar jarirai.

Kada garin neman gira a rasa ido

Gajiya takan sa iyaye su kama kowane magani. Ba mu manta da ƙarshen 2008 ba, sa'ad da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan da Zariya. Zuwa farkon 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙirga yara 84 da suka rasu. Iyayensu sauƙi suka je nema. Jiƙo da kanwa da magungunan kwalba da ake sayarwa don iskar ciki, kada a ɗura wa jariri su da ka. Zuma kuwa sai ya cika shekara 1. Cire belu ba ya tsai da kuka, yana iya jawo zubar jini da cuta.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba, amai kore, aman da yake feshi da ƙarfi bayan kowane sha, jini a bayan gida, ƙin sha, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ragu, ciki ya kumbura ya ƙi saɓewa, ko jiki ya saki. Wannan sai asibiti nan da nan, ko tsakar dare ne.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, yaro yana sha, yana jiƙa ƙunzugu wajen sau 6 a rana, nauyi yana hawa, to, abin da gidan yake bukata hannu ne. Maigida ya karɓi yaro ya zagaya tsakar gida da shi, uwa ta runtsa. In zuciya ta kai wuya, a kwantar da shi rigingine a wuri mai lafiya, a fita a sha iska minti kaɗan, kada a girgiza shi da fushi, gama wannan yana iya lalata ƙwaƙwalwa. Ku kuma iyayenmu na zumuntar mata, in kun je barka kun tarar da wannan hali, maimakon ku ba da sunan wani gwangwani, ku zauna ku ga yadda ake haɗa madarar, ku dubi katin awo, ɗayarku ta goya yaron awa guda. Ranar awo ta gaba kuma a raka uwar, a riƙe gwangwanin da cokalinsa a nuna wa nas.