Koya wa yaro namiji fitsari: a tsugune ko a tsaye?

Darasinmu na yau na tsabtar gida ne. Kun ji shi a rediyo, ga shi kuma a rubuce. Ku karanta sannu a hankali. In kun gama, ku karanta wa maƙwabtanku da ba su iya karatu ba tukuna.

Ga tambayar. Ɗanku namiji ya fara tafiya, ya isa a raba shi da kunzugu. Yaya za ku koya masa fitsari? A tsugune ko a tsaye?

Kada ku ɗauki tambayar nan wasa. Ku duba unguwa kamar Banifandu, cikin birnin Yamai. A gidajen haya, iyali da yawa makewayi ɗaya gare su. Wasu kuma wajen ga-ruwa suke sayen ruwan da za su wanke shi. In yaro ɗaya ya ɓata wurin, kowa zai taka. Daga nan sai ɗoyi, sai ƙudaje, sai faɗa tsakanin maƙwabta.

Amsarmu ita ce: ku fara koya masa a tsugune, ko a zaune bisa fo. Tsayuwa tana iya zuwa daga baya.

Yaushe za a fara?

Yara ba ɗaya ba ne. Yawancinsu suna isa koyo tsakanin wata 18 da shekara 3. Kada ku tsaya ga ƙidayar watanni kaɗai, ku dubi yaron. Yana tafiya da ƙafarsa? Yana iya tsugunawa ya tashi ba a riƙe shi ba? Yana yin awa 2 bai jiƙa wando ba? Yana nuna muku in ya jiƙe? In haka ne, lokaci ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi sai ya karya.

Dalilan farawa da tsuguno

Na farko, darasi ɗaya ya fi biyu sauƙi. Ƙaramin yaro ba ya rarrabe matsin fitsari da na kashi sosai. Sau da yawa tare suke zuwa. In ya tsuguna, duk wanda ya zo zai faɗa wurin da ya dace. In kuwa tsayuwa ya fara koya, zai yi fitsari da sauri ya ruga wasa, ya riƙe kashin. Kashin da aka riƙe yana taurara. Mai tauri yana fita da zafi. Yaron da ya ji zafi zai ƙara riƙewa. Tarin kashi cikin hanji kuma yana danne mafitsara, wato jakar da fitsari ke taruwa a ciki, har yaro ya riƙa jiƙa wando.

Na biyu, fallatsi. Fitsari ba ya isa ƙasa a dunƙule. In ya yi tafiya kamar taƙi ɗaya, sai ya rabu ɗigo-ɗigo. Ɗigon da ya faɗo daga sama bisa siminti yana tashi ya koma kan ƙafa da wando. A 2013, masu bincike na Jami'ar Brigham Young, a ƙasar Amurka, sun ɗauki hoton wannan fallatsi da na'ura mai saurin ɗauka. Sun ga cewa zama yana rage shi, domin tazarar ta ragu. Ɗan shekara 2 kuwa bai iya saiti ba. Da an kira sunansa, sai ya juya da jikinsa duka.

Na uku, tsarki. Yaron da ya tsuguna, buta tana kusa da hannunsa. Zai saba jira har ɗigon ƙarshe ya fita, sa'an nan ya wanke. Ran da ya kai shekara 7 aka fara koya masa salla, ba zai sha wuya ba.

Me likitoci suka gano?

Wasu suna cewa tsayuwa tana kawo ciwo. Wasu suna cewa namiji in ya zauna, fitsarinsa ba ya fita duka. A 2014, likitocin Jami'ar Leiden, a ƙasar Holan, sun tattara bincike 11 da aka yi kan manyan maza. Ga mai lafiya, ba su ga bambanci tsakanin zama da tsayuwa ba. Amma akwai wani ɗan nama ƙarƙashin mafitsara, ana ce masa furostat, wanda yakan kumbura in namiji ya manyanta. Ga masu wahalar fitsari irin wannan, zama ya fi: fitsarin da ke saura cikin mafitsara ya fi kaɗan. Ashe tsuguno ba ya rage wa namiji kome, kuma yana iya taimakonsa ran tsufa.

Me malamai suka ce?

An ruwaito daga Nana A'isha cewa a zaune Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yin bawali. An kuma ruwaito daga Huzaifa cewa ya gan shi ya yi a tsaye, a wani juji. Malaman Malikiyya sun ce tsuguno aka fi so. Amma in wurin taushi gare shi kuma akwai ƙazanta, sai mutum ya tsaya don kada tufarsa ta ɓaci. Abin da ake nema dai shi ne kiyaye jiki da tufa, da kuma sutura.

Yadda za ku koya masa

1. Ku samo masa fo, ko wata roba mai faɗin baki da aka ware don wannan aiki. Kada ku ɗora ƙaramin yaro bisa ramin masai. Ramin ya yi masa faɗi, ga duhu. Yana iya jin tsoro, ƙafarsa kuma tana iya zamewa.

2. Ƙafafunsa biyu su taka ƙasa. In masai na zama ne irin na zamani, a sa masa kujera ƴar tsuguno ƙarƙashin ƙafa. Yaron da ƙafarsa ke lilo ba ya sakin jiki.

3. Ku nuna masa ya sunkuyar da gabansa ƙasa da yatsa.

4. Ku kai shi da ya farka daga barci, da bayan cin abinci, da kafin kwanciya. Minti 5 ya isa.

5. Ku zubar da abin da ke cikin fo a masai nan take. Kashin yaro yana ɗauke da cuta kamar na babba. Ku wanke fo, ku wanke hannunku da nasa da sabulu.

6. In ba a yi masa kaciya ba tukuna, kada ku ja fatar baya da ƙarfi. Ku wanke waje kawai.

7. In ya yi daidai, ku yaba masa. In ya kuskure, kada ku buge shi, kada ku bari yara su yi masa waƙa. Fitsarin kwance kafin shekara 5 ba ciwo ba ne.

Malam mai gida, aikin nan ba na uwa kaɗai ba ne. Yaro namiji ubansa da yayyensa yake kwaikwayo. In ya ga babba yana fitsari jikin katangar mutane, shi ma haka zai yi. Malama uwargida, ki gaya wa kakarsa da duk mai renonsa, bakinku ya zama ɗaya.

To, tsayuwa fa?

In yaro ya iya kashi a fo ba fargaba, kuma ya san tsarki, ana iya nuna masa tsayuwa. Za ta yi masa amfani a lakwal ko a tasha, inda makewayi ya ƙazanta. Ya matsa kusa, ya yi saiti, ya zuba ruwa bayansa.

A tsugune ko a tsaye, akwai wurin da aka hana: cikin kogin Isa, da tabki, da hanyar ruwan gonakin shinkafa. Yaro mai tsargiya, wato fitsarin jini, yana zubar da ƙwan tsutsa cikin ruwa. Tsutsar tana girma jikin ƴan katantanwar ruwa, ta fito, ta shiga fatar mai wanka.

Ku kai yaro likita ba jinkiri in yana kuka wajen fitsari, ko kun ga jini, ko fitsarin yana fita siriri da nishi, ko ga zazzaɓi, ko ya koma jiƙa wando bayan ya daɗe da bari.

Tambayoyin da za ku tattauna a aji

1. Waɗanne alamu ke nuna yaro ya isa koyo?
2. Don me aka ce a fara da tsuguno?
3. A gidanku, ina ake zubar da fo, kuma wa ke wanke makewayi?

Ku rubuta amsoshinku a littafinku, ku nuna wa malaminku. Allah ya raya mana yaranmu cikin lafiya. Sai darasi na gaba.