Baƙin Hunturu a Fadamar Dagona

Wanda ya saba ganin tsuntsu a matsayin abin harbi ko ɓarawon gero zai yi mamakin jin cewa akwai masu tasowa daga nesa don kawai su zauna a bakin ruwa su kalle shi. Ina cikinsu, kuma Dagona nake zuwa, a ƙaramar hukumar Bade ta Jihar Yobe. Wani yanki ne na fadamun Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke bazuwa kafin ruwansu ya bi kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, kuma a 2008 aka sa ta cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya.

Lokacin zuwa shi ne hunturu, Disamba zuwa Fabrairu. A yi sammako, a sa tufafi marasa ɗaukar ido, a riƙe madubin hangen nesa, sannan a kama baki. Kirinjijiya za ka fara ji tun ba ka gan ta ba, garke guda na feɗuwa a sama. Dinya kuwa ƙasaita gare ta, baƙa ce, cikinta fari, ba ta tashi sai ta ga dama. Zalɓe na tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, har sai kifi ya manta da shi. A gefe guza na shan hantsi, wani lokaci jan biri ya gifta tsakanin goruba.

Amma waɗanda suka fi taɓa mini zuciya su ne baƙi. Akwai wata 'yar agwagwa da Turawa ke kira gargani, namijin da farin layi a saman ido. A Turai da Rasha take ƙyanƙyasa, sanyi na kamawa ta ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara ta sauka nan. Nauyinta bai kai rabin kilo ba! Kowace Janairu masana na ƙirga irin waɗannan tsuntsayen ruwa, kuma yawansu na bin girman ambaliyar daminar da ta gabata.

A nan damuwata take. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, ruwan da ake saki kuma ya daina bin tsarin damina da rani. Wuraren da ba sa bushewa sai ciyawar kacalla ta mamaye su, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta jefa koma, ta cinye gonakin shinkafa. Cikinta tsuntsu jan-baki ke kwana, gari na wayewa ya faɗa wa amfanin gona. Don haka idan manomi ya ɓata rai da jin an ce a kare tsuntsaye, ban ga laifinsa ba. Sai dai kacallar da ta ɓoye masa jan-baki ita ce ta rufe sararin ruwan da agwagwa ke sauka.

Idan za ka je, ka fara neman izini wajen ma'aikatan gandun, ka kuma ɗauki masunci ɗan gari da kwalekwalensa, ka sallame shi da kyau. Shi ya san mashigar da kacalla ba ta toshe ba a bana.