Bayan Bak: Wa Zai Zauna da Yaranmu?

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidaje da dama a Tasawa da Mayahi sukan cika da guɗa. Bayan kwana biyu kuma sai tunani ya sauka: ina yaron zai nufa, kuma me zai karanta? Yamai, inda Jami'ar Abdou Moumouni take tun farkon shekarun 1970? Maraɗi, wadda ta samu tata jami'ar a 2010, mai ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo? Ko kuwa Damagaram?

A ƙasarmu takarda ce ke magana. Ana duba rukunin bak ɗin ɗalibi, A ne ko C ko D, a duba makinsa, a yanke. Ba a zama da shi a ji abin da ke ransa. Uba ɗan kasuwa ya sayar da buhunan wake da gujiya ya yi guzuri, yaro ya tafi wani sashen da bai san kansa ba. Idan shekara ta faɗi, kuɗi sun tafi, ƙarfin zuciya ma ya tafi.

A Amurka akwai wata al'ada. Manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton suna da tsofaffin ɗalibai masu aikin sa kai. Sukan gana da mai neman gurbi, su tattauna kusan awa guda, sannan su aika wa jami'a rahoto. Ba su ne ke ɗauka ko ƙi ba. Rahotonsu shaida ce guda cikin shaidu.

Sai dai al'adar tana da tabo. A shekarun 1920 waɗannan jami'o'i sun fake da auna "hali" don rage yawan Yahudawa. A shari'ar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2023 kuma, an ga wani abin lura: tsofaffin ɗaliban da suka ga ƴan asalin Asiya ido da ido sun yaba halinsu fiye da ma'aikatan ofis da suka karanta takardu kawai. Ashe ganawa tana iya buɗe ƙofa, tana iya rufe ta.

Mu da muka san ciwon "ɗan wane ne", bai kamata mu nemi a ba tsofaffin ɗalibai ikon zaɓe ba. Maki ba ya sanin dangi, wannan ita ce garkuwar ɗan talaka. Amma shawara daban, hukunci daban. Likitoci, malamai da injiniyoyi ƴan asalin Tasawa da Mayahi suna nan a ma'aikatu, suna zuwa gida hutu. Me zai hana kowane ya zauna da yara biyar kafin su cike takardun zaɓi, ya gaya musu wuyar karatun, tsadar zama, da aikin da ke jiran mai shi?

Matambayi ba ya ɓata, in ya samu wanda ya san hanya.