Rashin Barci da Magungunan Barci

Kalmomin farko da mai koyon Hausa yakan koya su ne na gaisuwar safe: "Ina kwana?" Amsar kuma ita ce "Lafiya lau." Idan muka dubi wannan gaisuwa da kyau, za mu ga tambaya ce a kan yadda mutum ya wuce darensa. Bahaushe yana cewa barci ƙanin mutuwa ne, domin mai barci bai san abin da duniya take ciki ba. Yana kuma kiransa ɓarawo, saboda yakan sace mutum ba tare da sallama ba. Sai dai akwai mutanen da wannan ɓarawo ba ya ziyartarsu. Sukan kwanta su yi ta juye-juye a kan gado har zakara ya yi cara, da safe kuma a gaishe su, su amsa da "Lafiya lau" don ladabi kawai.

Masana kiwon lafiya sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowane dare, babba kuwa awa 7 ko fiye. A lokacin barci ne jiki yake gyara abin da ya gaji, ƙwaƙwalwa kuma ta adana abin da aka koya da rana. Saboda haka ɗalibin da ya kwana yana karatu bai runtsa ba, sau da yawa yakan shiga ɗakin jarrabawa ya tarar rabin abin da ya karanta ya tsere masa.

Me yake kawo barci? Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda yake sanar da jiki cewa lokacin hutu ya yi. Haske yana rage fitar wannan sinadari. Wanda ya kwanta da wayarsa a hannu yana kallon bidiyo ko yana hira da abokai, ya haɗa wa kansa abu biyu: ga haske a ido, ga hankali a tashe. Akwai kuma wani abin da iyaye da malamai ba su cika sani ba. Idan yaro ya balaga, agogon jikinsa yakan ja baya, ya zama ba ya jin barci da wuri kamar dā. Amma ƙararrawar makaranta ba ta ja baya tare da shi ba. Wannan yana cikin dalilan da suke sa mu malamai muke ganin gyangyaɗi a aji tun darasin farko.

Wasu dalilan kuwa kowa ya san su a ƙasarmu: zafi idan an ɗauke wuta, kukan sauro, ƙarar janareton maƙwabta, ko ɗaki ɗaya mutum shida. Damuwa ma babban dalili ce, musamman idan jarrabawar WAEC ko NECO ta matso. Sannan akwai abin da muke ci da wanda muke sha. Kofi da shayi da goro da lemon kwalba irin su Coca-Cola duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, mai korar barci. Wannan sinadari ba ya barin jiki da sauri. Bayan kimanin awa 5, rabinsa yana nan cikin jini. Ke nan wanda ya sha kofi da ƙarfe biyar na yamma, har ƙarfe goma na dare bai rabu da shi ba.

Matakin farko na maganin rashin barci ba ƙwaya ba ce, gyaran ɗabi'a ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mutum ya riƙa tashi a lokaci guda kullum, har ranar Asabar da Lahadi, ko da daren jiya bai yi barci sosai ba. Da haka jiki yake sabawa. Barcin rana, wanda Hausawa suke kira ƙailula, ba laifi ba ne, amma ya zama gajere, kamar minti 20 ko 30, kuma kada ya kai yamma. A ajiye waya tun kafin lokacin kwanciya, a ɗaura gidan sauro, a watsa ruwa idan ana zafi.

To, idan an kwanta barci ya ƙi zuwa fa? A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan ci gaba da kwanciya suna duba agogo, suna lissafin awannin da suka rage kafin gari ya waye, lissafin kuwa sai ya ƙara musu damuwa. Shawarar likitoci ita ce, idan an yi kamar minti 20 barci bai zo ba, a tashi a zauna a wani wuri mai ƙarancin haske, a yi wani abu mai kwantar da hankali, kamar karanta littafi ko yin addu'a. Sai an ji ido ya yi nauyi sannan a koma gado. Barci ba a kama shi da ƙarfi.

Yanzu bari mu koma kan magunguna. Akwai ƙwayoyin da likita yakan rubuta wa wanda rashin barci ya tsananta masa, ɗaya daga cikinsu ita ce Valium. Suna aiki, babu shakka. Matsalarsu ita ce jiki yana saurin sabawa da su. Wanda ƙwaya ɗaya take sa shi barci a yau, nan da 'yan makonni sai ya nemi biyu. Idan kuma ya daina farat ɗaya bayan ya daɗe yana sha, rashin barcin yakan dawo fiye da dā, tare da fargaba da rawar jiki, wani lokaci har da farfaɗiya. Don haka likitoci ba su cika ba da su fiye da mako biyu zuwa huɗu ba, kuma wanda ya riga ya saba da su, a hankali ake rage masa. Haɗa irin waɗannan ƙwayoyi da giya ko da maganin tari mai kodin yana da haɗari ƙwarai, domin dukkansu suna rage ƙarfin numfashi. Mutum yana iya kwanciya bai farka ba. A watan Mayu na shekarar 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda matasa suka mayar da shi abin maye.

Wasu kuma sukan je kemis su sayi Piriton. Wannan magani ne na atishawa da ƙaiƙayi, barcin da yake sawa illa ce tasa, ba aikinsa ba. Yakan bar mutum da kasala da bushewar baki washegari, bayan 'yan kwanaki kuma ya daina sa barcin. Na taɓa samun wata ɗaliba da take shan kofi da dare don ta yi karatu, sannan ta haɗiyi ƙwaya don ta yi barci. Da safe takan zauna a aji ido buɗe, amma ko sunanta aka kira sai an maimaita. Ita ba ta ɗauki abin da take yi a matsayin shaye-shaye ba, a ganinta ƙoƙari take yi.

Magungunan gargajiya da ake talla a mota ko a kasuwa ma suna bukatar hattara. Kasancewar abu daga ganye ko saiwa bai sa ya zama marar illa ba, ga shi kuma mai sha bai san abin da aka haɗa a cikin kwalbar ba, bai san adadinsa ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce take yi wa magunguna rajista a Nijeriya, kuma ya kamata a duba lambarta a jikin kwali. Amma lambar ba ta nufin maganin ya dace da kowa. Maganin da likita ya rubuta wa kakarka, nata ne ita kaɗai.

Rashin barci na dare ɗaya ko biyu ba ciwo ba ne, yakan wuce da kansa. Idan kuwa ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, likitoci suna ɗaukarsa ciwo mai bukatar kulawa. Ɗalibi bai kamata ya jira har wata uku ba. Da zarar abin ya fara taɓa karatunsa, ya gaya wa iyayensa ko malamin da ya amince da shi, a kai shi asibiti. Haka ma wanda yake minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, da wanda rashin barcinsa ya zo tare da baƙin ciki mai tsawo. Kafin a je, yana da kyau a yi mako guda ana rubuta lokacin kwanciya da na tashi, da duk abin da aka sha da yamma, domin waɗannan ne tambayoyin da likita zai fara yi.